Yadda Aka Fara Auna Zaizayewar Tsokar Tsofaffi

Shekaru aru-aru, idan dattijo ya fara dafa gwiwa kafin ya miƙe, ba wanda ke kiran abin ciwo. Tsufa ne, shi ke nan. Likitoci ma haka suka ɗauke shi. A 1931 wani likitan jijiyoyi ɗan Ingila, Macdonald Critchley, ya rubuta cewa tsokar hannuwa da ƙafafu tana raguwa da shekaru, amma maganar ta kwanta fiye da shekara hamsin.

A 1988, wurin wani taro a Albuquerque ta jihar New Mexico a Amurka, Irwin Rosenberg na Jami'ar Tufts ya raɗa wa matsalar suna sarkofeniya, don ya jawo hankalin masu bincike. Suna ya samu, ma'auni kuwa babu. Sai a 1998 Richard Baumgartner da abokan aikinsa suka auna tsokar hannuwa da ƙafafun tsofaffin New Mexico da na'urar DXA, suka kwatanta da ta matasa. Duk wanda tasa ta yi ƙasa ainun, sai a ce ya kamu.

Ma'aunin nan yana da naƙasu babba: yawan nama yake gani, ba ya ganin ƙarfinsa. Wani binciken Amurka na 2006 ya nuna cewa ƙarfin ƙafar tsoho yana raguwa kusan ninki uku fiye da yadda tsokar kanta ke raguwa. Ke nan mutum na iya zama da cinya kakkaura amma matakala ta gagare shi. Abin da ke kai tsoho ƙasa ya karye a ƙugu kuwa, ai rashin ƙarfin ne.

Shi ya sa ƙwararrun Turai a 2010 suka haɗa yawan tsoka da ƙarfi da saurin tafiya. A 2016 Amurka ta ba ciwon lambarsa a kundin cututtuka, M62.84. Da Turawan suka sake zama a 2018, sai suka juya tsarin gaba ɗaya, ƙarfi ya koma kan gaba. A ganina a nan ne aka kama hanya. Ana ba tsoho wani ƙarfe ya damƙa: namiji ƙasa da kilo 27, mace ƙasa da 16, alama ce. Ko kuma ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafa komai ba. Idan ya haura daƙiƙa 15, sai a zurfafa bincike. Na'ura tana zuwa daga baya, don tabbatarwa.

Ƙwararrun Asiya, da suka ga girman jikin mutanensu ba ɗaya yake da na Turawa ba, sun fitar da nasu alƙaluman tun 2014. A 2019 suka ƙara gwajin da ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya: a zagaya sha-raɓa da tef irin na tela. Ƙasa da santimita 34 ga namiji, 33 ga mace, sai a wuce ga gwajin damƙa.