Ƙa'idojin Ba da Takardar Shaida ga Masu Kamun Kifin Ado na Teku

Kifin ado shi ne ƙaramin kifi mai launi da ake ajiyewa da rai cikin akwatin gilashi domin ƙawata gida ko ofis. Akasarin na ruwan gishiri ba kiwonsa ake yi ba, daga cikin duwatsun murjani ake kamo shi, musamman a Indonesiya da Filifin, a kai shi Amurka da Turai da Japan. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifi miliyan 20 zuwa 24 a kowace shekara.

Babbar matsalar wannan sana'a ita ce gubar sayanayid. Mai nutso yakan fesa ta cikin ramukan murjani, kifin ya suma, ya ɗauke shi cikin sauƙi. Kifin yakan farfaɗo kamar lafiyarsa ƙalau, amma gubar ta riga ta taɓa hantarsa, da yawa sukan mutu bayan kwanaki. Murjanin da aka fesa wa shi ma yakan mutu, alhali nan ne kifin da mutanen gaɓar teku ke ci yake hayayyafa. Mu a nan wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin mun san ɓarnar da gamalin ya yi a kogunanmu, kuma dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamu da guba.

A shekarar 1998 aka kafa ƙungiyar Marine Aquarium Council a Hawayi, ta kuma fitar da ƙa'idojinta a 2001. Ƙa'idojin sun shafi kula da wurin kamu, da yadda ake kamun, da ajiya da sufuri. A wancan lokaci wajibi ne kowane wurin kamu ya mallaki rubutaccen tsari, tare da keɓe wani yanki da ba a taɓawa. Ba a yarda a kama kifi da guba ba. Ba a amince mace-mace su wuce kashi 1 cikin 100 a kowane mataki ba. Haka kuma sai masunci da mai fitarwa da mai shigowa da mai shago duk sun sami shaida daga masu bincike masu zaman kansu kafin a sayar da kifin da tambarin ƙungiyar.

A ganinmu ƙa'idojin sun yi kyau a takarda, amma sun fi ƙarfin ƙaramin masunci. Kuɗin bincike na da yawa, masu saye ba su ƙara farashi saboda tambarin ba, sannan tabbatar da cewa guba ta taɓa kifi abu ne mai wuya. Bayan kimanin shekara goma ayyukan ƙungiyar suka durƙushe. Abin da ake dogaro da shi yanzu shi ne dokokin kowace ƙasa da yarjejeniyar CITES, wadda tun 2004 ta wajabta takardar izini kafin a fitar da dokin teku daga wata ƙasa zuwa wata.