Daga Kakaki Zuwa Na'urar Ji

Kakakin da ake busa wa sarakunan Bargu, a Nikki da Parakou, ɗan'uwan na fadar Kano ne: siririn baki, faffaɗan ƙarshe, yana kai amo nesa. Da za a juya shi a kara a kunne, tattaro sauti zai yi. Bisa wannan hikima Turawan ƙarni na 17 suka ƙera wa masu raunin ji ƙahon kunne, wanda iyakacinsa tattarawar. Sai a 1898 Ba'amurke Miller Reese Hutchison ya aro dabarar tarho, lantarki ya shiga ƙara wa murya ƙarfi, ko da yake na'urar ta cika girma. Transisto ce, daga 1952, ta yi ta ƙanƙantar da ita har ta ɓuya a bayan kunne.