Daga Dafin Kibiya Zuwa Ɗakin Tiyata

Maharban dajin Amazon sun daɗe suna shafa wa kibansu wani dafi da ake kira kurare. Dabba ta faɗi, gaɓoɓinta su saki, numfashi ya ɗauke, amma zuciya na ta bugawa. Kwankwanin maharbanmu kuwa zuciyar yake kamawa kai tsaye.

Ranar 23 ga Janairu 1942, a birnin Montreal na Kanada, Dakta Harold Griffith da Enid Johnson suka ɗura wa wani saurayi kurare da aka tace ana cikin yi masa aiki. Naman cikinsa ya saki, likita ya yi aikinsa a tsanake.

Ashe da sauran rina a kaba. Tubokurarin, sinadarin da ke cikin kurare, na sa jiki ya saki sinadarin histamin, jijiyoyin jini su buɗe, fata ta yi ja, ƙarfin jini ya faɗi warwas. A 1954 masu bincike Beecher da Todd a Amurka suka ce mace-mace sun ninka kusan sau shida inda aka yi amfani da shi. Ni dai ina ganin an ɗora masa laifin da ba nasa kaɗai ba: sau da yawa ba a taimaka wa majinyaci da numfashi yadda ya kamata.

Cikin sauran magungunan sakin jiki, galamin na 1947 da fankuroniyam da ya biyo baya sukan sa zuciya gudu. Suksametoniyam kan rage mata gudu, musamman ga yara, shi ya sa ake ajiye maganin atrofin kusa. Sai a shekarun 1980 aka sami bekuroniyam, wanda kusan ba ruwansa da zuciya.