Barbarar zamani: Yadda ake zaɓen bijimin nama ba tare da an jefa saniya cikin wahalar haihuwa ba

Barbarar zamani, wato sanya wa saniya maniyyin bijimin da bai taɓa kusantar ta ba, ta kawo wa mai kiwo damar da kakanninsa ba su samu ba. Mai shanu biyar a bayan gida zai iya samun maraƙin da ubansa ke Faransa ko Amurka. Maniyyin yana zuwa ne cikin wani siririn tsinken roba mai cin rubu'i ko rabin mililita, a daskare cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda zai yi shekaru bai lalace ba. Sai dai duk tsinkayen kamarsu ɗaya. Ba a gane ko zaɓin ya yi daidai sai bayan kimanin kwana 283, ranar da saniya ta fara naƙuda. A ranar ce bijimin da ya burge mutum a hoto zai iya zama sanadin asarar maraƙi da uwarsa.

Matsalar a taƙaice ita ce, abu biyun da mai kiwo ke nema a wurin bijimin nama suna jan juna. Yana son maraƙi mai saurin girma, mai faɗin baya da cikar cinya, wanda zai yi daraja a kara. Yana kuma son saniyarsa ta haihu da kanta. A gadon halitta, nauyin haihuwa da nauyin yaye tafiyarsu ɗaya: bijimin da 'ya'yansa ke saurin girma, galibi manya ake haifar su. Babban abin da kuwa ke kawo tangarɗar haihuwa a shanu shi ne maraƙi ya fi ƙarfin ƙugun uwarsa, musamman karsana mai haihuwar fari. Kwanciyar maraƙi a karkace ko a juye ita ma tana kawo matsala, amma wannan bai cika danganta da zaɓen uba ba.

Asarar ba ta tsaya ga maraƙin da ya mutu a hanya ba. Wanda aka jawo da ƙarfi yakan jima bai miƙe ba, ya makara wajen shan dakashi, alhali a sa'o'i shida na farko ne hanjinsa ya fi ɗaukar garkuwar da ke cikin nonon farko. Ita kuma uwar tana iya yagewa, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, mahaifa ta kamu da cuta, ko jijiyar ƙafafun baya ta matsu har ta kasa tashi. Ko ta warke, takan daɗe ba ta sake neman sa ba, wani lokaci ma ta zama juya. Ga wanda saniya ɗaya ce ajiyarsa ta shekaru, wannan ba ƙaramin gurbi ba ne.

Abin da nau'in bijimi ke nunawa

Nau'ikan Birtaniya, wato Angus da Herifod, su aka fi sani da sauƙin haihuwa. Maruƙansu na zuwa da matsakaicin nauyi, kuma goyon cikin Angus yana daga cikin mafi gajarta. Nau'ikan nahiyar Turai kuwa, irin su Sharole da Limuzin na Faransa da Simental mai asali daga Suwizalan, sun fi tsoka da girman jiki, goyon cikinsu ya fi tsawo da 'yan kwanaki, kuma tsantsar maraƙin Sharole yakan haura kilo 40 a ranar haihuwa. Kwanakin nan na ƙarshe suna da tasiri, domin a lokacin ne ɗan tayi ya fi ƙara nauyi. A can ƙarshen layi akwai nau'in Beljiyam mai ninkin tsoka, wanda wani sauyi a ƙwayar halittarsa ya cire takunkumin da ke taƙaita girman nama. A tsantsar wannan nau'i, yawancin maruƙa da tiyata ake ciro su. Manoman Turai na amfani da maniyyinsa a kan manyan shanun madara da suka riga suka haihu sau da dama, kuma da likita a kusa.

To amma sunan nau'i matakin farko ne kawai. Bambancin da ke tsakanin bijimai biyu na nau'i ɗaya yakan kai, ko ma ya zarce, wanda ke tsakanin nau'i da nau'i. Akwai Angus mai haifar manyan maruƙa, akwai Limuzin da aka tabbatar da sauƙin haihuwar 'ya'yansa. Shi ya sa ƙasashen da suka yi nisa a harkar suka daina dogaro da ido, suka koma ga alƙaluma.

Karanta alƙaluman da ke gefen hoto

A Amurka, kowane bijimin da ake sayar da maniyyinsa yana zuwa da jerin lambobin da ake kira EPD, waɗanda ke hasashen yadda 'ya'yansa za su bambanta da na wani bijimi na nau'insa. Ƙungiyar masu kiwon Angus ta ƙasar tana bayyana sauƙin haihuwa a matsayin bambancin kaso cikin ɗari na karsanan da za su haihu ba tare da taimako ba. A misali, idan wani bijimi yana da 12, wani kuma 4, ana sa ran cikin karsana ɗari da aka sanya wa maniyyin na farko, waɗanda za su haihu da kansu za su fi na biyun da takwas. Lambar nauyin haihuwa kuma da fam ake rubuta ta, fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, kuma a nan ƙaramar lamba ce abin so. Lambobin ba su aiki a tsakanin nau'i biyu kai tsaye: 10 a Angus ba ita ce 10 a Simental ba.

Akwai wata ƙaramar lamba da masu saye kan tsallake, alhali ita ce ke faɗin nauyin da za a ba sauran. Ita ce ma'aunin tabbaci, daga sifili zuwa ɗaya, ko a wasu ƙasashe kaso cikin ɗari. Matashin bijimin da bai haifi ko ɗaya ba, lambobinsa hasashe ne daga iyayensa da gwajin ƙwayoyin halitta, kuma suna iya sauyawa sosai idan 'ya'yansa suka fara zuwa. Wanda aka rubuta haihuwar ɗaruruwan 'ya'yansa a garkuna daban-daban, tabbacinsa kan haura 0.9. Ga karsana, tsohon bijimin da aka gwada ya fi sabon tauraro, ko da lambobin tauraron sun fi ƙyalli.

Sauƙin haihuwa ma iri biyu ne, kuma rikita su kuskure ne mai tsada. Na farko yana magana ne a kan yadda 'ya'yan bijimin ke fitowa. Na biyu yana magana a kan yadda 'ya'yansa mata za su haihu idan sun girma. Wanda zai sayar da dukkan maruƙa don yanka, na farko kaɗai ya dame shi. Wanda zai ajiye matan su zama uwayen garke dole ya duba na biyu, domin idan aka yi ta bin bijimai masu ƙananan 'ya'ya zuriya bayan zuriya, ana iya ƙarewa da ƙananan shanu masu matsattsen ƙugu, wahalar da aka guda ta dawo ta bayan gida. Abin da masu kiwo ke farauta shi ne bijimin da ya saɓa wa ƙa'ida, wanda 'ya'yansa ke zuwa da matsakaicin nauyi sannan su yi saurin girma. Ana samun su, sai dai maniyyinsu ya fi tsada.

Darasin Ayilan

Ƙasar Ayilan ta ga abin da ke faruwa idan aka karkata gefe ɗaya. Bayan da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madara a watan Afirilun 2015, garkunan madara na ƙasar suka ƙaru. Mai shanun madara ba nama ya dame shi ba. Yana son saniya ta haihu da wuri, cikin sauƙi, ta koma tatsa. Don haka da yawa suka riƙa zaɓen bijiman nama bisa sauƙin haihuwa da gajeren goyon ciki kaɗai. Masu sayen maruƙan su yi kiwo su suka ɗanɗana kuɗarsu, domin dabbobin ba su yin nauyi ko cikar da za ta biya abin da suka ci. A 2019 hukumar kula da kiwon irin shanu ta ƙasar, ICBF, ta fitar da wani ma'auni na musamman don bijiman naman da ake amfani da su a kan shanun madara. Ya haɗa ɓangaren haihuwa da ɓangaren nama cikin lamba ɗaya da ake ƙiyastawa da kuɗin Yuro, amma ya bar kowane ɓangare a bayyane, don mai saye ya ga inda darajar bijimin ta fito. Shawarar da ake ba manoma a can mai sauƙi ce: a fara sanya iyakar wahalar haihuwar da za a iya ɗauka ga kowane rukunin shanu, sannan cikin bijiman da suka tsallake wannan iyaka a ɗauki wanda ya fi nama.

Idan saniyar Bunaji ce ko Bokolo

A nan ne mai karatu a Najeriya ko Nijar ya kamata ya yi hattara. Dukkan alƙaluman nan an tattara su ne a kan shanun da nauyinsu ke kai kilo 550 zuwa sama, masu cin abinci a ƙoshe. Saniyar Bunaji a hannun makiyayi takan tsaya a wajen kilo 250 zuwa 350, maraƙinta kuma yakan zo da kilo 20 zuwa 25. Bijimin da aka rubuta wa “mai sauƙin haihuwa” a Amurka, an gwada shi ne da ƙugun da ya fi nata faɗi. Lambobin za su taimaka wajen jera bijimai daga mai sauƙi zuwa mai wuya, amma ba alkawari ba ne a kan saniyar gida.

Akwai abin da ke rage fargabar. Bincike a Amurka da Ostireliya ya daɗe da nuna cewa shanu masu tozo suna taƙaita girman ɗan da ke cikinsu. Idan uwa mai tozo ce, uba kuma na Turai, maraƙin yakan zo da sauƙin nauyi. Idan aka juya, uba Birahman ne uwa kuma ta Turai, maraƙin yakan yi girma fiye da zato, musamman namiji. Wannan yana da muhimmanci ga masu ruwa-biyun Firiziyan a gonakin madara da ke kewayen Kano, Kaduna da Jos: sanya wa irin wannan karsana maniyyin Birahman da tunanin cewa mai tozo ba ya wahalarwa ganganci ne. Kuma ko ga Bunaji, wannan kariya ta halitta tana da iyaka. Karsanar da ta sha rani, ba ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin babbar saniya ba, bai kamata a ɗora mata babban nau'i ba. Manyan bijimai na saniyar da ta haihu sau biyu ko uku lafiya ne, irin su Bokolo mai faɗin jiki.

Ingancin maraƙi ma ma'anarsa daban ce a nan. A Turai ana biyan kuɗi ne bisa nauyin nama da tsarinsa bayan fiɗa. A Potiskum ko Maigatari ido ne ma'auni, kuma kafin a kai ga kara sai dabba ta tsira daga zafi, kaska, sammore da kirci. Kamaru ta gwada wannan tun farkon shekarun 1950 a tashar Wakwa da ke kusa da Ngaundere, inda aka haɗa Birahman daga Amurka da Gudalin Adamawa. 'Ya'yan sun yi girma, amma kirci ya addabe su, kuma yawan jinin baƙon ya ƙara raunin, har aka tsaya a kan rabi da rabi. Birahman kuwa shi ma mai tozo ne, ya saba da zafi. Ina ga baƙin Angus a ranar Afirilu. Ruwa-biyu na farko yakan fi iyayensa ƙarfi da girma, sai dai wannan fifiko yana raguwa a zuriya ta gaba, kuma ba ya bayyana sai da abinci. Wanda ba shi da harawa, dusa da angurya na rani, gara ya nemi zaɓaɓɓen bijimin gida. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, Zariya, ta daɗe tana aikin barbarar zamani, kamar yadda tashar Tukunus a Nijar ta daɗe tana tace irin Azawak.

Sauran abin da ke hannun mai shanu

Maraƙi namiji yakan fi mace nauyi da 'yan kiloli, don haka maniyyin da aka tace don haihuwar mata, wanda ke dacewa kusan sau tara cikin goma, yana rage haɗari ga karsana, ko da yake ya fi tsada kuma ɗaukar cikinsa ya ɗan yi ƙasa. Rage wa saniya abinci a watannin ƙarshe don kada ɗan ya girma dabara ce da ba ta aiki: uwar ce ke rasa ƙarfin yunƙuri, dakashi ya ragu. Ƙiba mai yawa ita ma tana matse hanya. Lokaci ma zaɓi ne, domin saniyar da aka yi wa barbara a Satumba za ta haihu wajen Yuni, a bakin damina.

Kafin a narkar da tsinke, mai saniya yana da haƙƙin ganin abin da aka buga a jikinsa, wato sunan bijimi, nau'insa da lambarsa, ya rubuta su tare da ranar barbara. Daga wannan rana ake lissafa lokacin da za a fara sa ido. Idan faya ta fashe, saniya ta yi kamar awa ɗaya tana yunƙuri ba ci gaba, lokacin kiran likitan dabbobi ya yi, kuma lambarsa tun ranar barbara ya kamata a karɓa. Bayan haihuwa a rubuta ko ta haihu da kanta, ko da taimakon mutum ɗaya, ko sai da aka ja da ƙarfi, a kuma auna maraƙin ko da da ma'aunin rataye na 'yan hatsi ne. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce na manoma aka gina alƙaluman Ayilan da Amurka.