BABI NA UKU: TSOHUWAR BINDIGA DA GYARAN KARKATARTA A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kayan farautar Bahaushe na gargajiya, wato baka da kibiya da mashi da tarko. A wannan babi kuwa za a dubi bindiga, musamman matsalar karkatar bututunta, wadda ke sa maharbi ya auna dabba daidai amma harsashi ya bi wani wuri. Manufar babin ita ce a nuna cewa wannan matsala tana da tushe a tarihi, domin mafi yawan bindigogin da suka iso ƙasar Hausa ko dai tsofaffi ne, ko kuwa masu araha ne da aka ƙera don ciniki kawai.

3.1 Shigowar Bindiga

Kalmomin da suka shafi wannan makami sun nuna hanyar da ya fara biyowa. Bindiga da albarushi da harsashi duk an aro su ne daga Larabci, abin da ke nuna cewa ta hanyar Sahara Bahaushe ya fara sanin su. A ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Haka kuma a shekarar 1591 sojojin Maroko masu bindiga suka karya Daular Songhai a Tondibi.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) an shigo da bindigogi daga Nupe, sannan Babba Zaki (1768-1776) shi ne sarkin Kano na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Duk da haka bindiga ba ta yawaita ba. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙar Gobirawa, ya kuma rubuta cewa bindigogin da ke cikinta duka ba su kai 50 ba. Sai a rabi na biyu na ƙarni na 19 ne ta yaɗu, lokacin da Etsu Masaba na Nupe ya riƙe cinikinta a kogin Kwara, Sarkin Damagaram Tanimu kuma ya tara dubban bindigogi, har ana haɗa albarushi da ƙera igwa a Zindar.

3.2 Dalilan Karkata

Dalili na farko shi ne ƙira. Bindigogin ciniki da ake kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma yawancinsu daga Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam suke. Ana yin bututunsu ne ta hanyar naɗe fallen ƙarfe a like shi da wuta, kuma waɗanda aka yi don sayarwa a Afirka ba a cika kula da ingancinsu ba. Na biyu shi ne tsufa. Bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon da suka ƙare a 1815, da kuma lokacin da sojojin Turai suka koma ga bindigogi masu ɗuri ta gindi daga shekarun 1860, an yi gwanjon tsofaffin makamansu, da yawa kuma suka ƙare a Afirka. Bugu da ƙari, Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara waɗanda cikin bututunsu sumul yake.

Dalili na uku shi ne hanya da yanayi. Bindigar da ta yi watanni a kan jaki ko raƙumi ko kan ɗan dako, tana iya faɗuwa ko kaya su danne ta, dogon bututunta ya tanƙware. Haka kuma icen da bututun ke kwance a kai yana kumbura da damina, ya bushe ya murɗe da hunturu, sai ya tura bututun gefe guda, ko ƙarafan da suka ɗaure shi su yi sako-sako.

3.3 Gane Karkata da Gyaranta

Karkata iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Akwai wadda bututun kansa ne ya lanƙwashe, akwai wadda bututun lafiya lau yake amma bai zauna daidai a kan icensa ba, akwai kuma wadda ɗan ƙarfen saiti da ke bakin bindiga ne ya goce. Ta biyu da ta uku masu sauƙi ne, domin sassaƙe ice ko sake shi, da ɗaure bututu da kyau, ko mayar da ƙarfen saiti wurinsa, sun isa.

Ta farkon ce mai wuya. A masana'antun Bamingam akwai ma'aikata na musamman waɗanda aikinsu ke nan. Mutum yakan ɗaga bututu ya fuskanci taga, ya leƙa ciki ya dubi inuwar da ta kwanta a bangonsa. Idan inuwar ta tafi sak, to, bututu ya miƙe. Idan kuwa ta karye a wani wuri, nan ne karkatar take, sai a ɗora shi a kan maƙera a buga a hankali, a sake dubawa. A ƙasar Hausa wannan aiki ya faɗa hannun maƙeran baƙi, waɗanda da ma su ke ƙera kibiya da mashi da takobi, suka kuma koyi gyaran kunama da sauran sassan bindiga. Haɗarin aikin shi ne, miƙar da ƙarfen da ya riga ya tanƙware yana raunana shi, balle a wurin liki ko inda tsatsa ta ci. Irin wannan bututu idan aka cika masa albarushi yana iya fashewa, ya tafi da yatsun maharbi ko idonsa, wani lokaci ma da ransa.

3.4 Tasiri a Kan Farauta

Rashin tabbas na saiti ya tsara yadda Bahaushe ke harbi. Maharbi ba ya dogara da nisa, sai dai ya yi sanɗa ko kwanto har dabba ta matso kusa, sannan yakan ɗura ƙananan ƙarafa da yawa domin ko ɗaya ya samu. Bahaushe kan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma wannan magana ba ta aiki a kan ɓauna ko giwa, domin raunana su ya fi kuskurensu haɗari. Don haka ne maharban giwa suka riƙa ɗura sango mai dafi a bindiga, yadda dafin zai ƙarasa abin da saiti ya kasa. Sunan harba-ka-ruga da ake kiran bindigar toka da shi ma shaida ne a kan yadda ba a amince mata ba. Wannan rauni, tare da jinkirin ɗuri da tsadar albarushi, yana cikin dalilan da suka sa doki da baka suka ci gaba da rinjaye a yaƙi har zuwa cin Kano da Sakkwato a 1903.

A zamanin mulkin mallaka da bayansa, maƙera sun koma ƙera bututu daga bututun ruwa da sandar sitiyarin mota. Wannan ƙarfe ya fi na da miƙewa, sai dai ba don ɗaukar ƙarfin albarushi aka yi shi ba. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa mallakar bindiga da ƙera ta da gyara ta a ƙarƙashin izinin hukuma, har da mai ɗuri ta baki.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa karkatar bindiga ta samo asali ne daga ƙira da tsufa da wahalar hanya da yanayi, kuma ita ta ba maƙeri matsayi babba a sana'ar farauta. A babi na gaba za a dubi dangantakar maharba da maƙera, da al'adun da suka ginu a kanta.