TARIHIN CIWON SUNKUYE: WASIƘAR WANI UBA A 1841

A wannan makon za mu ɗan jingine labarin soyayya, domin na kawo muku tarihin wani uba da ɗansa, wanda har yau likitocin yara na ambaton sunansa.

A garin Tonbridge na ƙasar Ingila an yi wani likita mai suna William James West. A shekarar 1840 Allah Ya ba shi ɗa namiji, aka sa masa James. Yaro lafiya lau har ya kai wata huɗu, sai uban ya lura kan jaririn na ɗan kaɗawa gaba. Sannu a hankali abu ya yi ƙarfi, kai ya riƙa sunkuyawa har ya kusa gwiwa, ya saki, ya sake, sau goma zuwa ashirin a jere cikin minti biyu ko uku, kuma hakan ya maimaitu a yini.

Da farko West ya zaci haƙori ne. Ya tsaga dasashin yaron, ya sa masa matsattsaku, ya ba shi maganin da ake haɗawa da zaiba, duk a banza. Ya kai shi Landan wajen manyan likitoci biyu, Charles Clarke da Charles Locock. Clarke ya taɓa ganin irinsa, har ma ya laƙaba masa suna "jijjigar sallama", saboda kamar mai rusunawa ne yana gaisuwa. Magani kam babu.

Da dabara ta ƙare, sai ya rubuta wa mujallar Lancet wasiƙa, aka buga a watan Fabrairu 1841, yana roƙon duk likitan da ya san ciwon ya taimaka. A ciki ya zayyana komai: yadda abin ke zuwa, tsawon lokacinsa, da yadda yaron ya daina kuzari da wayo irin na tsaransa. West ya rasu a 1848 bai ga waraka ba. James ya cika a 1860 yana da shekara 20, a gidan kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa na Earlswood.

Mai karatu, an fi shekara ɗari kafin a samu mafita. A 1929 Hans Berger na Jamus ya bayyana na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa. A 1952 Gibbs da matarsa a Amurka suka gano hargitsattsen zanen da na'urar ke fitarwa a kan irin waɗannan jarirai, wanda ya zama babbar shaidar wannan nau'in farfaɗiya. A 1958 likitoci a Beljiyam suka nuna allurar ACTH na tsayar da shi, daga baya maganin vigabatrin ya biyo. Likitoci suka sa wa ciwon sunan West.

Abin lura shi ne, na'ura ta zo daga baya, idon uba ne ya fara gano ciwon. Yakan kama jariri ɗan wata uku zuwa shekara guda, galibi in ya tashi daga barci, shi ya sa iyaye ke ɗauka firgita ce ko ciwon ciki. Jinkiri kuwa na cinye ƙwaƙwalwar yaro. Uwar da ta ga sunkuye a jere, ta ɗauki bidiyo da wayarta ta garzaya asibiti a ranar.

Allah Ya raya mana zuri'a. Mu haɗu a fitowa ta gaba.