Daga Tashar Jirgi Zuwa Teburin Kwangila: Tasowar Masu Jari a Minna

Duk lokacin da aka ɗauko zancen attajiran ƙasar Hausa, Kano ce take fara faɗo mana a rai, kuma da dalili. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya gaji fataucin goro na Gwanja tun kafin Turawa su kafa mulki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ya karkata jarinsa zuwa ga gyaɗa, ya zama babban dillalin kamfanin UAC. Ashe ke nan dukiyar Kano tana da saiwa a kasuwa.

Labarin Minna dabam yake. Ƙasar Gwari ce ta manoman doya, jirgin ƙasa ne ya mayar da ita gari, domin a nan layin Baro ya haɗu da na Ikko. Sai dai ribar kayan da ke ratsa tashar ba a nan take kwana ba. Kamfanonin Turawa ke kwashe kaso mafi tsoka, ɗan gari kuwa ya tsaya a dillanci da dako.

Shekarar 1976 ce ta sauya komai, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka ba Minna hedkwata, ga kuɗin mai suna malala. Ana buƙatar sakatariya da gidajen ma'aikata da tituna, kuma dole wani ya gina su. Nan ɗan kwangila ya bayyana. Jarinsa na farko sanayya ce da wanda ke sa hannu a takarda. Dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, sun fi amfanar wanda banki ya yarda ya ranta masa, wato manyan ma'aikata da hafsoshin soja da abokansu.

Abin lura, ɗan Minna ne, Janar Ibrahim Babangida, ya rushe hukumomin sayen amfanin gona da lasisin shigo da kaya a 1986, da sunan sakar wa kasuwa mara. Amma a ganinmu, dogaro da gwamnati bai ragu ba, ƙofa kawai aka sake. Kuɗin suka koma bankuna da cinikin dala, daga 1991 kuma filayen Abuja da Suleja suka haɗiye saura. Gidaje na alfarma sun tashi a kan tuddan Minna, masana'antu kuwa 'yan ƙalilan. Har yau yawancin doyar Paiko da ƙwarar kaɗanyar jihar ɗanyu suke hawa mota su bar mu.